Ɗakin Yaya a Ƙasan Bene

Asabar, da hantsi

Yau na buɗe sito. Da na san abin da zan tarar, da tun daga falo na ɗaure hancina da ɗankwali. Fanka uku, babu mai juyawa. Talabijin ɗin da ta mutu tun yaranmu suna firamare. Tayar motar da muka daɗe da sayarwa. Rabin janareto, don ɗaya rabin yana wurin mai gyara, mai gyaran kuma Allah ya yi masa rasuwa. Dogayen bututun ƙarfe, kwalaye, fentin da ya daskare a gwangwani, ga kashin ɓera ko'ina.

Na ce wa Baban yara a fitar da komai. Ya tsaya a bakin ƙofa ya riƙe ƙugu kamar an ce za a rushe gidan ubansa.

"Har janareton?"

"Har shi."

"Ai zai yi amfani wata rana."

Tun da na aure shi nake jiran wata ranar nan, har yau ba ta waye ba.

Ba ni da zaɓi. Ɗakunan kwananmu duk a sama suke. A ƙasa daga falo sai kicin, sai ɗan banɗakin ƙarƙashin matakala wanda ko mai lafiya sai ya sunkuya yake shiga. Yaya kuwa ta gama hawa bene, nata ko nawa. Jiya likita ya faɗa min a barandar asibiti, a tsaye, rabin hankalinsa yana kan wayarsa. Don haka sito zai zama ɗaki, a fasa bangon baya a yi banɗaki a lungun da ke tsakanin gida da katanga.

Matar da ta goya ni bayan rasuwar Inna, ta yi min wanka, ta kora ni makaranta da tsumagiya, ita zan kwantar inda muke ajiye tayar mota. Ban gaya mata ba tukuna. Alhamis za a shiga da ita ɗakin tiyata.

Litinin, bayan azahar

Magini ya zo. 'Yan layinmu Gobe-da-safe suke kiransa, na ɗauka tsokana ce kawai.

Ya shiga siton, ya daki bango da tafin hannu, ya taka daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya ce ya gama awo. Ni da nake ɗinkin labule da zanin gado, tef a wuyana yake yini, na miƙa masa. Ya yi dariya ya ce idonsa ya fi tef.

Na lissafa masa abin da nake so da bakina, a hankali, kamar mai koya wa yaro karatu. Ƙofa mai faɗi, ta ɗakin da ta banɗakin. Kada a yi tudu ko dakali a bakin kowace ƙofa. Daɓen banɗaki ya gangara wajen magudana. Na ce mara lafiya ce za ta zauna.

"Hajiya, wannan ai aikin yara ne. Na yi irinsa ya fi a ƙirga."

"Yaushe za ka fara?"

"Gobe da safe."

Talata, da yamma

Bai zo ba.

Laraba, da yamma

Ya zo ya sa an juye yashi a daidai bakin get, ya tafi. Da tsallake na fita daga gidana.

A asibiti na tarar da Yaya tana yi wa wata nas faɗa a kan yadda aka shimfiɗa zanin gado. Na ji daɗin faɗan. Shekara da shekaru tana shugabancin kicin ɗin makarantar kwana, tun daga bakin get ake jin muryarta, ba yau za ta daina ba. Ta ce in je gidanta in buɗe tagogi ɗaki ya sha iska kafin ta dawo. Na ce to.

Sannan ta ce in shafa mata mai a ƙafa. Na shafa wa ta dama. Ta hagun duk bandeji ne har ƙauri, na rasa inda zan taɓa, sai na shafa a gwiwa. Ta daɗe tana kallon ƙafar. Daga baya ta ce man nan ba shi da kyau, wa ya ce in sayo irinsa.

Alhamis, da la'asar

An yi. An fito da ita. Tana numfashi. Sauran ba zan rubuta ba.

Juma'a, da yamma

Nas ta miƙo min leda da kayan da Yaya ta shigo asibiti da su. Zani, mayafi, carbi, takalma. Takalma biyu. Na tsaya a baranda riƙe da na hagun kamar wata sakarya, har mai shara ta ce in ɗan matsa.

Na dawo gida na tarar Gobe-da-safe ya fasa bango, bai rufe ƙofar falo ba, bai ce a rufe komai ba. Ƙura har cikin tukunya. Labulen wata mata da na kawo gida don in ƙarasa, ruwan hoda ne da safe, yanzu ya koma launin toka.

Kayan sito kuma da na ce a fitar, an fitar. Suna falo. Baban yara ya jera su a bayan kujera ya lulluɓe da tsohon bargo, wai kafin ya tantance. Tayar tana ƙarƙashin teburin cin abinci. Na tambaye shi ko ita ma zan zuba mata abinci. Ya ce ba ya son baƙar magana da yamma.

Lahadi, da rana

Mai famfo ya zo. Shi da kansa ya ce a dinga kiransa Injiniya. Ya fara tona hanyar bututu a tsakar gida, na ce masa ya kula, babban bututun gidan ta nan ya bi. Ya ce shi ƙasa yake saurara, tana gaya masa inda ruwa yake.

Ta gaya masa kuwa. Diga ɗaya ya ɗora, ruwa ya yi tsiri ya fi katanga tsawo. Kafin a gano inda ake kashewa tsakar gida ta zama tafki, buhun siminti biyu sun sha sun ƙoshi, yashin bakin get ya gangara titi.

Magini ya ce laifin mai famfo ne. Mai famfo ya ce laifin wanda ya gina gidan ne. Baban yara ya ce ƙaddara ce. Ni da na kwashe ruwan da bokiti, ba wanda ya tambaye ni ra'ayina.

Ba ruwa a gida sai an gyara. Yaushe? Na ma ƙi tambaya.

Talata, bayan azahar

Yaya ba ta magana.

Ta juya fuska bango tun ranar Juma'a. In na gaishe ta sai ta ɗaga yatsa. Abinci yadda na kai haka nake dawowa da shi. Nas ɗin da ta sha faɗa ta ja ni gefe ta ce, "Wallahi gara lokacin da take zagina." Masu koya wa mutum motsa jiki sun zo sau biyu, ta ƙi ko kallonsu.

Ɗanta ya turo saƙon murya daga can inda yake. Saƙo dogo. Ya ce ya ji ana gyara wa Mama wuri, a tabbatar an sa tayil mai kyau da na'urar sanyaya ɗaki, kuma a turo masa hotuna ya duba ko aikin ya yi. Ya ce aiki ya riƙe shi amma zuciyarsa tana tare da mu. Zuciyarsa ba ta iya ɗaukar bokiti.

Alhamis, da yamma

Na ce wa Baban yara kada ya faɗa wa Yaya maganar sito. Tun a mota na ce masa. Har ya ce, "Ni yaro ne?"

Muna shiga, Baban yara ya durƙusa ya gaishe ta, ya ga ta ƙi juyowa, shirun ya dame shi, sai ya buɗe baki.

"Yaya, ki kwantar da hankalinki. Siton ma ya kusa kammaluwa."

Ta juyo. Rabon da in ga fuskarta sosai har na manta. Ta rame, idanun sun faɗa.

"Wane sito?"

Na fara kame-kame, ɗaki ne, ana gyarawa, da banɗaki a ciki, ƙasa ne babu hawa. Ta bar ni na gama.

"Auta, sito za ki ajiye ni? Ni buhun shinkafa ce?"

"Yaya, ba haka ba ne."

"Gidana zan koma."

"Hawa na uku, Yaya?"

"Ko da rarrafe."

Ta mayar da fuska bango. Tun rasuwar mijinta ba ta kwana ƙarƙashin rufin kowa ba, na sani. Amma me ake so in yi? In ɗauke benen in kawo shi ƙasa?

A hanyar dawowa Baban yara ya ce aƙalla dai ya sa ta yi magana. Na kunna rediyo na ƙure shi.

Asabar, da hantsi

An kawo keken da Yaya za ta dinga zama a ciki. Sunan da mai shagon ya kira shi da shi ba zan maimaita ba, keke ne kawai.

Na tura shi zuwa ƙofar ɗakin. Ya tsaya. Na karkata shi, na ja baya, na sake turawa. Ya tsaya. Ƙofar ta gaza da faɗin tafin hannu. Na naɗe keken na shiga da shi a hannu, sai ga dakali a bakin banɗaki, sabo fil, an shafe shi sumul, tsayinsa ya kai idon sawu.

Na kira Gobe-da-safe.

"Ba na ce ƙofa mai faɗi ba?"

"Ai tana da faɗi, Hajiya. Firam ɗin da na samu ke nan. Ni na ɗauka mai jiki ce za ta zauna, na ga ko mai jiki za ta wuce a karkace."

"Wannan dakalin fa?"

"Don kada ruwa ya shigo ɗaki."

"Me zai kawo ruwa ɗaki in daɓen ya gangara magudana?"

Ya sosa ƙeya. Na ɗebo ruwa a bokiti na sheƙa a tsakiyar banɗakin. Muka tsaya mu biyu muna kallo. Ruwan ya yi ɗan tunani, ya juya wa magudana baya, ya taho wajen ƙafafunmu ya kwanta a jikin dakalin.

Sai a lokacin ya lura da keken. Ya dafa kai.

"Au! Ashe ƙafa aka yanke mata? Ai da kin faɗa tun farko!"

A tsakar gida ya faɗa, da ƙarfi, kamar mai tallan kaya. Ni da ko a nan ban iya rubutawa ba. Na ce ya fita. Ya ce zai gyara. Na ce ya fita min daga gida. Ya tattara kayansa yana cewa gobe da safe zai dawo.

Lahadi, da rana

Na zauna a kan bokitin fenti na yi kuka. Ashe murfin bai rufu ba. Zanina ya tafi.

Litinin, bayan la'asar

Yau ban lallashe ta ba. Na gaji da lallashi. Na ajiye kwanon abinci, na zauna a kujerar gefen gado, na kalli bayanta, na fara magana ni kaɗai. Na ba da labarin ƙofa. Na ba da labarin dakali, da ruwan da ya ƙi magudana, da Injiniya mai sauraren ƙasa, da tayar da ke cin abinci tare da mu. Na ce ta koma benenta da rarrafen in tana so, ni ma zan bi ta, gidan na bar wa magini.

Ina cikin share hanci na ji murya daga bango.

"Ina ya sa magudanar?"

Na ce a kusurwar dama.

"Famfon fa?"

"A hagu."

Ta yi tsaki. Wallahi ban taɓa jin tsaki mai daɗin wannan ba.

"Ke kuma kina tsaye kina kallonsa? Ɗaga ni. Kira min shi, irin kiran da ake ganin mutum."

Na sa mata filo a baya, ta gyara ɗankwali, na kira. Aka yi sa'a, ya dawo, yana gidan. Ya ga fuskarta ya fara jero gaisuwa da ya jiki. Ta katse shi.

"Kai ne maginin? Juya wayar in ga ɓarnar."

Ya zagaya da ita. Ta sa ya sheƙa ruwa ta gani da idonta. Ta ce ta yi shekaru tana wanke daɓen kicin da ya ninka gidan nan, ba ta taɓa ganin ruwa ya hau tudu ba sai a hannunsa. Ta ce ya fasa dakalin, ya tayar da daɓen, ya cire firam ɗin ya mayar inda ya samo shi.

"To, ranki ya daɗe. Gobe da safe in Allah ya kai mu."

"Rana ta faɗi a wurinku? Nan dai ina ganinta ta taga. Ɗauki guduma ina kallo."

Ya ɗauka. Duk ɗakin marasa lafiyar suka yi tsit ana jin ƙarar guduma ta waya. Matar gadon kusa har da tafi.

Da aka kashe wayar ta ce, "Kada ki ɗauka zama zan yi. Aikin banza ne ba na son gani." Ta buɗe kwanon, ta ci rabi, ta ce gishiri ya yi yawa.

Laraba, da azahar

An gudu ba a tsira ba.

Wayata ba ta huta ba tun asuba, Yaya sai kira take. Tagar ta yi ƙanƙanta kuma ta yi sama, a faɗaɗa ta, a sauko da ita yadda mai zama zai hango get. Makunnin fitila ya dawo kusa da gado. Famfo ya sauko. Masai ya ƙara tudu. Tayil mai santsi da ɗanta yake so, ta ce ya shimfiɗa a ɗakinsa ya zame shi kaɗai. Fentin da na saya launin asibiti ne, a canja. A yi kanta a jikin bango, daidai tsayin cinya, inda za a ɗora ɗan risho.

"Risho kuma, Yaya? Ga kicin nan taku kaɗan."

"Na ci girkinki kwanan nan. A yi kantar."

Ina shago ina yanka yadi ta kira, ina magana da mai kaya ta kira, har na yanke labulen wani ofis gajere. Gobe-da-safe kuwa yanzu kafin in sha shayi ya iso. Ni na yi makonni ina roƙonsa kamar mai neman aure, ita kira ɗaya ta yi. Jiya na ji yana ce wa Injiniya, "Yi yadda Babbar Hajiya ta ce, ni ba na son magana."

Har yanzu "siton naku" take cewa. Amma nas ta ce ta yarda an koya mata sauka daga gado zuwa keke, kuma ta zagi mai koyarwar sau biyu.

Juma'a, da yamma

Mun yi faɗa sosai, irin wanda muka daɗe ba mu yi ba.

Na ce labule zan sa a ƙofar banɗaki. Mai kauri, mai kyau, ni zan ɗinka. Keke zai wuce ba wahala, kuma in wani abu ya faru zan shiga da gudu. Ta ce ƙofa take so, ta katako, da sakata ta ciki.

"In kika faɗi fa?"

"In tashi."

"Da me?"

Maganar ta fita kafin in kama ta. Na so ƙasa ta tsage.

Ta dube ni ta ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Auta, tun da na shigo nan ba wanda bai ga tsiraicina ba. Yara sa'o'in jikokina suna juya ni kamar nama a faranti. Wuri ɗaya nake so in shiga in rufe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Za a sa ƙofar. Na dai sa a juya ta ta dinga buɗewa ta waje, kuma na zaɓi sakata mai ƙananan kusoshi. Sukundireba tana cikin aljihun jakata. Wannan ban gaya mata ba, kuma na gargaɗi Baban yara da cewa in ya faɗa, shi zai koma ƙarƙashin tebur wajen tayarsa.

Asabar, da la'asar

Na dawo daga shago na tarar da Baban yara zaune a cikin keken, ya naɗe ƙafa ɗaya a ƙarƙashinsa, yana tura kansa daga get zuwa ɗakin. Ya shiga, ya juya, ya shiga banɗaki, ya yi ƙoƙarin tashi ya koma kan masai, ya kusa kifawa. Bai san ina kallo ba. Ya sake gwadawa. Gumi ya jiƙa masa riga.

Da ya gan ni ya ce, "Babu abin kamawa. Mutum zai faɗi."

Ya wuce falo ya ɗaga bargo, ya jawo dogayen bututun ƙarfen nan. Shi da Injiniya suka yanka, suka goge tsatsa, suka kafa a bango, ɗaya gefen masai, ɗaya wajen wanka, ɗaya gefen gado. Na rataya da dukkan nauyina, ko motsi.

Har na buɗe baki zan gode masa. Sai ya riga ni.

"Me na ce miki? Ba na ce za su yi amfani wata rana ba?"

Yanzu ya ce janareton ma a bar shi. Ya faɗa wa magini, ya faɗa wa maƙwabci, ya kira ɗanmu a makaranta ya faɗa masa. Na shiga uku.

Litinin, da rana

Yau ina gyara mata filo ta ce, tana kallon silin, "Ni ba na kwana a gadon kowa. Ki je ki kwaso nawa. Da tukwanena. Ki ba mai gidan makullinsa, ki ce na gode."

Na ɓoye murnata, don na san in na nuna za ta fasa.

Mun je da Baban yara da masu ɗaukar kaya. Matakalar nan da nake haki a kanta, ita take hawa da kayan cefane a ka tana yi min gorin ƙuruciya. Ɗakin tsaf yadda ta bar shi, kofi a kife, dadduma a ninke. Ban buɗe tagogin ba tun ranar da ta ce. Na buɗe su yau, na tsaya kaɗan, sannan na rufe.

Tukwanen kuwa, Allah ya kyauta. Akwai wadda za a yi wa yaro wanka a ciki. Gadon ya shiga ɗakin da ƙyar, amma in ya shiga kabad ba ta shiga, in kabad ta shiga keke ba ya juyawa. Na kira ta na faɗa mata. Ta ce a bar kabad a falo. Falona yanzu akwai janareto, taya, kabad da tukwane. Baƙo in ya zo sai dai ya zauna a matakala.

Laraba, da yamma

Gobe za a sallame ta. Gobe! Likita ya faɗa kamar yana ba ni kyauta. Taga ba gilashi, fenti bai bushe ba, famfon wanka yana ɗiga, ƙofar banɗaki tana jingine a katanga. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu ga shi muna fafewa.

Gobe-da-safe ya ce ba zai tafi ba sai ya rataya ƙofar, don ba zai iya haɗa ido da Babbar Hajiya ba. Na ɗinka labulen taga na rufe ramin da shi. Fankokin nan uku ko ɗaya ba ta tashi ta busar min da fenti ba.

Alhamis, bayan la'asar

Ta iso.

A bakin get ta ce Baban yara ya saki keken. Ta tura kanta. Tsakar gidan da ba ta da wani tsawo, yau ta yi mana nisa. Magini da Injiniya suna tsaye jikin katanga kamar masu jiran hukunci. Ta wuce ƙofar, ba ta taɓa ko gefe ba. Ta zagaya ɗakin da ido, ta shafa bango ta duba yatsanta, ta ja ƙarfen gefen gado, ta leƙa taga. Ta ce warin fenti zai kashe mutum. Ta ce wa magini, "Ba laifi." Mutumin nan ya yi ta washe baki har ya fita.

Da suka watse ta ce wanka za ta yi. Na tashi zan ɗauko soso. Ta ce in ajiye mata a kan kujerar wankan in fita. Na naɗe mata bandejin da leda yadda nas ta nuna min, ta ture hannuna ta ƙarasa ɗaurin da kanta. Ta shiga. Na ji sakata.

Na zauna a bakin gadonta, sukundireba a hannuna cikin mayafi.

Shiru. Sai ƙarar keke. Sai nishi, ƙarfen bango ya yi ƙara, wani abu ya faɗi, zuciyata ta faɗi tare da shi. Na miƙe.

"Yaya?"

"Sabulu ne. Zauna."

Ruwa ya fara zuba. Ya daɗe yana zuba, fiye da wankan mutum ɗaya. A ƙarƙashin ƙarar ruwan ina jin wata ƙara, wadda rabona da ji daga bakinta tun ranar da aka fita da Inna. Na sa sukundirebar a kan gado. Na zauna na kalli ƙasan ƙofa. Ko ɗigo bai fito ba, duk ya bi magudana.

Da ta buɗe, zaninta a karkace, idanu jajur, ruwa yana ɗiga daga gashinta. Ta ce sabulun ya shiga mata ido. Na ce irinsa haka yake. Ta ce ruwan zafi da na sanyi a juye suke, in kira wannan mai sauraren ƙasar.

Ta hau gado da kanta, ta kama ƙarfe ta juya. Kafin in gama goge ƙafafun keken ta yi barci, bakinta a ɗan buɗe.

Juma'a, da safe

Na haɗa shayi na tura ƙofa na shiga. Tana zaune ta riga ta yi wanka, tana kallon get ta taga.

"Haka ake shiga ɗakin mutane a gidan nan?"

"Yaya, shayi na kawo."

"Koma ki ƙwanƙwasa."

A gidana. Ɗakin da na kwashe kashin ɓera a cikinsa da hannuna, na yi asarar zani da labule biyu a kansa. Na dube ta ko wasa take yi. Ba wasa take yi ba.

Na fita, na ja ƙofar, na ƙwanƙwasa. Baban yara yana matakala yana danne dariya. Ta bar ni tsaye da tire har shayin ya fara hucewa.

Sannan ta ce, "Waye?"